Girshin Bayan Tsibiri

A duk Makka, garin da ba shi da kogi ko na wanke ƙafa, mutum ɗaya na sani mai sarautar Sarkin Ruwa, kuma shi ya naɗa kansa. Sabo ke nan, maƙwabcinmu a unguwar Takari ta bayan Jarwal, wajen da yanzu ake ce wa Mansur. Sana'arsa saƙƙa ce, wato ga-ruwa: garwa biyu a sanda, daga bazan inda ake ɗibar ruwa zuwa gidajen mutane, tun sassafe har rana ta take. Amma in ya jingine sandar ya zauna a rumfar da nake aski, sai ka rantse jirage goma ke jiransa a bakin kogi.

"Mu mutanen Yawuri ruwa ne gadonmu," in ji shi. "Kakana kada yake hawa ya je kasuwa. Ni kaina ina ɗan shekara bakwai na taɓa nutsewa da hantsi, ban fito ba sai da aka kira azahar."

Abin da tsofaffin unguwa suka sani shi ne a goye aka fito da shi daga Yawuri, a gonakin audugar Sudan ya yi wayo, kuma ranar da suka haye teku daga Sawakin a kwance ya yi tafiyar, yana amai a hular wani bawan Allah. Ba mai tuna masa. Garwarsa a cike take zuwa kullum, ba ya ha'inci, shi ya sa ake ƙyale shi da kadansa.

Shekara biyu bayan babban yaƙin Turawa, Isa mai busasshen kifi ya yi baƙo. Isa yakan je wani ɗan tsibiri kudu da Jidda ya saro kifi mai gishiri ya kawo kasuwa, baƙon kuwa shi ne babban masuntan wurin, wani dattijo Balarabe da ake kira Rayyis Abdulƙadir, ya zo umara. Muna zaune a ƙofar Isa ana zuba shayi sai ga Sabo. Da jin an ce masunci ne, ya sauke garewani ya gyara zama, irin zaman da sarki ke yi in ya haɗu da ɗan'uwansa sarki.

"Ya ammi," ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "a tsibirin naku ina ruwa ya fi zurfi?"

Dattijon ya ce bayan tsibiri, inda duwatsun murjani suka ƙare ruwa ya koma baƙi. "Amma ba mai shiga. Kullu girsh, duk girshi ne."

To girshi dai kowa a Makka ya san shi, ɗan ƙarfen kuɗin nan da ake sayen burodi da shi. Ni ma a ranar iyakar girshin da na sani ke nan. Na ga kunnen Sabo ya motsa.

"Girshi? A cikin ruwan? Da yawa?"

"Katir, da yawan gaske. Manya da ƙanana. Tun da wani jirgin alhazai ya nitse a wurin zamanin kakana suka taru, har yau ba su ragu ba."

"Kuma kuna kallonsu?"

"Daga nesa. Bara wani saurayi ya yi taurin kai ya nutsa. Girshi ya riƙe shi, bai fito ba."

Sabo ya girgiza kai, ya juyo wajenmu da Hausa. "Zari ne. Ya cika aljihu fiye da ƙarfinsa."

Isa ya ajiye buta. "Malam Sabo, kifi ne fa. A bakin mutanen teku girshi kifi ne, mai haƙora, yana cin mutum."

"Ka ji ɗan kasuwa. Shekara goma kana zarya tsibirin nan muna cewa kifi kake ɗaukowa. Ashe shi ya sa buhunanka suke da nauyi."

"Wallahi kifi ne."

"To ni ma kifin zan kamo. Kwantar da hankalinka, zan rage maka."

Kafin la'asar ya gama shirya komai a kansa. Larabawan teku, in ji shi, ba su san dabarar mutanenmu ba. A Kabi da Yawuri masunci babban gora yake samu, ya kife cikinsa a kan bakin goran, hannu da ƙafa suna iyo, abin da ya kamo ya jefa ciki. Da gora irin wannan, sai ya tsaya a kan wurin, ya nutsa, ya ɗebo, ya zuba, har ya cika. Matsalar ɗaya ce. Gora mai wannan girman guda ɗaya ne tak a Makka, kuma na matarsa Sa'adatu ne.

Goran nan ya girme ni. Mahaifiyar Sa'adatu, Iya Baraka, ita ta fafe shi a ƙauyensu na Kabi, ta ɗauko shi a ka ranar da suka kama hanyar hajji. Shekara bakwai suna tafe, ta Barno, ta Wadai, ta Darfur, ana tsayawa a yi ƙwadago a ƙara gaba. A hanya ta binne miji da ɗa, ta sayar da tasoshinta da mundayenta, goran ne kaɗai bai bar kanta ba. Da ta rasu, shi Sa'adatu ta gada, ba ta gaji wani abu ba. A rataye yake a kusurwar ɗaki, tana zuba gero a ciki, duk wata tana shafe shi da man shanu har ya yi ja yana ƙyalli. Matata ta ce in kewar uwa ta taso wa Sa'adatu, takan sa fuskarta a bakin goran ta daɗe tana shaƙa, wai har yanzu akwai ƙanshin ɗakinsu na gida.

Katangar da ke tsakaninmu ta kara ce da tsofaffin garewani, don haka duk abin da suka yi a kunnena.

"Kwana huɗu kawai, Sa'a. In dawo miki da shi cike da girshi har baki."

"Ka bar mini shi da gerona, Malam."

"Ke ba kya son gidan dutse a kusa da Harami?"

"Ina so. Ka gina da sandarka."

"Jikan Sarkin Ruwa kike yi wa gori?"

"Rannan da aka yi ambaliya, ruwa iya gwiwa, wa ya hau rufin bukka ya bar ni da kwashe kaya?"

"Dubawa na hau yi, in ga ta inda ruwan zai bi."

"To duba daga nan. Gorana ba ya zuwa ko'ina."

Ranar Juma'a ta tafi Harami da matan unguwa. Sabo ya juye geron a tabarma, ya leƙo ya ce in zo in riƙe masa bargo a naɗe goran. Na riƙe. An haife ni a Makka ban taɓa ganin tsibiri ba, ga Isa zai raka baƙonsa gida ya saro kifi, ga Sabo ya ce yana son mai shaida. Kwaɗayin kallo ya ja ni, kuma wannan riƙon bargon har yau yana damuna.

Kafin mu tashi sai da ya bi ta bazan ya yi wa 'yan'uwansa saƙƙa ban kwana. Ya kyautar da sandarsa da garewaninsa ga wani sabon zuwa. Ya ce duk a taru a bakin lungu ranar Talata da la'asar, kowa ya zo da abin zuba rabonsa.

A lori zuwa Jidda goran ne ya samu wurin zama, Sabo ya tsuguna a gefe yana rungume da shi. Wata tsohuwa ta tambaya ko mara lafiya ne a cikin bargon, ta yi masa addu'a. Da muka shiga sambuki, jirgin Rayyis mai filafilai, ko bakin gaɓa ba mu gama bari ba Sarkin Ruwa ya riƙe katako ya sunkuya.

"Lafiya, Malam Sabo?" in ji Isa.

"Gaisawa muke. Ruwan nan bai gane ni ba tukuna."

Haka suka yi ta gaisawa har muka isa, kuma duk abin da ya ci tun daga Makka sai da ya miƙa wa tekun.

Tsibirin ɗan ƙarami ne, mai saurin ƙafa zai kewaye shi ya dawo shayinsa bai huce ba. Rairayi fari fat, bukkokin kaba ba su fi ashirin ba, igiyoyi ko'ina kifi a shanye, awaki suna yawo a ƙarƙashi suna jiran abin da zai faɗo. A bakin ruwa ga ƙananan kwalekwale da suke kira huri, kowanne daga itace ɗaya aka fafe shi. Ruwan gaɓa kore ne garai-garai, kana ganin yatsun ƙafarka da 'yan kifaye masu launi suna shawagi. Can gaba duwatsun murjani sun yi wa tsibirin zobe, da wata 'yar ƙofa inda jirage ke fita. Bayan ƙofar nan ruwan baƙi ne.

Da safe mutanen tsibiri suka taru kallon goran. Wani ya ƙwanƙwasa ya ce ganga ce, wani ya ce ƙwan wani tsuntsu ne na ƙasar baƙaƙe. Sabo ya ce kafin ya fara aiki sai ya taka ruwan da ƙafar dama, haka gadonsu yake. Rayyis ya miƙa masa takalmin kaba. Ya ce jikan Sarkin Ruwa ba ya shiga gidan kakansa da takalmi. Taku uku ya yi ya ɗora ƙafar daman a kan wata halitta mai ƙayoyi da suke kira bushiyar teku. Ya dawo da ƙafa ɗaya, yana tsalle yana salati.

Ni wanzami ne, aikin ya faɗo kaina. Na zauna ina tsince ƙaya da tsinken aska, wata tsohuwa tana ɗiga masa mai mai zafi a tafin ƙafa.

"A Yawuri," ya ce yana cije baki, "da irin wannan muke sosa baya."

Da ƙafa ta lafa, ya ce a ba shi huri ya je ya dubo wurin. Mutanen nan a zaune suke tuƙa huri, da ɗan katako mai faɗi. Sabo ya ce zama na mata ne, a kogi a tsaye ake tuƙi da doguwar sanda. Ya zare sandar shanyar kifin wani, ya miƙe a cikin hurin, ya caka ta a ƙasa ya tura. Sandar ta maƙale a ramin dutse. Huri ya yi gaba abinsa, Sabo ya rage a rungume da sanda, ƙafafu a sama. Ya ɗan jima a haka, shi da sandar suna shawara, sannan suka kwanta tare. Ya taso yana kalmar shahada yana neman a miƙo igiya. Rayyis ya ce masa ya miƙe tsaye kawai, ruwan iya cibiya ne.

Matan da ke feɗe kifi sun rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Isa ya ja shi gefe.

"Ya isa haka, Malam Sabo. Mu saya maka kifi mu koma. Ka mayar wa baiwar Allah goranta lafiya."

"Wato in tafi in bar maka."

"Ni kam na faɗa maka kifi ne."

"Ka faɗa. Sau nawa za ka faɗa? Wanda ba shi da abin ɓoyewa sau ɗaya yake magana."

Bayan azahar, lokacin da masunta suka shige inuwa suna gyaran koma, ya tuɓe riga, ya ɗaure wando tam, ya tura goran ruwa ya kife a kai. Gaskiya goran bai ba da kunya ba. Ya ɗauke shi cak, yana lilo da shi a hankali, har na fara cewa a raina ko dai mutumin nan da gaskiyarsa. Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne a wannan lokacin ruwan gaɓa yakan janye ya fita ta ƙofar nan. Sabo ya ga yana gudu ba tare da ya wahala ba, ya ɗago hannu yana yi mana alama.

"Kun gani? Ya gane ni yanzu."

Rayyis ya ɗago kai ya hango shi a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin tsoho ya tashi da sauri haka ba. Shi da mutum biyu suka tura huri, sauran suka bi kan duwatsu da gudu suna nuna bayan Sabo suna ihu: "Girsh! Girsh!"

Sabo ya ji. Ya ɗaga murya da Larabci, cike da murna. "Na sani, shi na zo nema. Ta ina?"

"Bayanka!"

Ya juya goran da kyau, ya nufi inda suke nunawa, yana iyo da hannu bibbiyu. Ni ina kan dutse ina kallo. Wani fiffike mai baƙin baki ya ɓullo yana yanka ruwa, ya kewaye goran sau ɗaya, ya sake kewayewa. Sabo ya sunkuya ya leƙa ƙasa don ya ga arzikinsa. Arzikin ma ya ɗago ya dube shi, da baki a buɗe.

"Isa," na ji ya ce, muryarsa ta koma ta ɗan akuya. "Isa, kifi ne."

"Na faɗa maka," in ji Isa daga kan dutse.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa maƙwabcina daɗi ba: kifin bai taɓa shi ba. Sabo ne ya janye hannu da ƙafa, ya ga bai isa ba, ya yi niyyar miƙewa tsaye a kan goran. Goran ya juya da shi. Ya sake hawa, ya sake juyawa. A karo na uku igiyar ruwa ta ɗebe su ta maka a kan murjani, shi a sama goran a ƙasa. Ƙarar fashewar goran har inda nake. Rayyis ya iso ya cafko shi ta wando, wandon ya zaɓi zama a teku, aka jawo sauran Sarkin Ruwa cikin huri yana ƙanƙame da sakaina ɗaya a ƙirji. Sauran ɓallin goran muna kallo ruwa ya tafi da su bayan tsibiri.

Kafin magariba wani masunci ya kamo kifin da ƙugiya. Tsawonsa bai fi kamu biyu ba, ɗan jariri ne, in ji su, iyayen ba sa matsowa kusa da dutse. Suka feɗe shi suka cika da gishiri, Rayyis ya naɗe a tabarma ya miƙa wa Sabo da hannu biyu.

"Tafaddal. Ga girshinka, ka kai wa iyali."

Ranar Talata da la'asar muka shigo lungu. Na yi zaton mutane sun manta, ashe ba wanda ya manta. Saƙƙa sun zo da garewani, mata da ƙore, har limamin masallacinmu ya tsaya daga gefe wai wucewa yake. Sabo yana ɗingishi, sanye da zanen da wata tsohuwar tsibiri ta ba shi. Da ya ga taro sai ƙirjin ya fara tasowa.

"Jama'a, ku gode wa Allah da kuka sake ganina. Dukiya tana nan, na gan ta da idona. Amma akwai mai gadi. Tsawonsa daga nan zuwa masallaci. Na kama shi ta wuya, ya kama ni ta wando, muka yi ta yi tun azahar..."

Isa ya kwance tabarma ya ɗaga kifin ta wutsiya da hannu ɗaya.

"Wannan ne mai gadin ko dukiyar?" in ji wani saƙƙa.

"Duka biyun," in ji Isa. "Sunansa girshi."

Lungu ya ɗauka da dariya. Wani ya miƙo garwa ya ce a zuba masa rabonsa, wani ya ce a kai wa mai burodi a ga ko zai ba da canji. Liman ya juya baya yana tari. Ana cikin haka mutane suka dare, Sa'adatu ta fito. Ba ta dubi kifin ba, ba ta dubi zanen da ke jikin mijinta ba.

"Malam, ina gorana?"

Sabo ya buɗe baki. Na san labari ne ya taso masa, na ga ya zo har maƙogwaro ya koma. Ya sa hannu a ƙirji ya fito da sakainar, ba ta fi tafin hannu biyu ba, ya miƙa mata. Ta karɓa, ta juya ta, ta shafa jan bayan da yatsa. Sannan ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe.

"Gishiri," ta ce a hankali. "Shekara bakwai Iya tana ɗauke da shi bai tsage ba. Ko ƙanshin ba ka bar mini ba."

Ba wanda ya ƙara dariya. Masu garewani suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ni kunya ce ta rufe ni, da na samu ƙasa ta tsage da na shige. Sabo ya tsaya da hannu a sake, idonsa ya kawo ruwa.

Ta juyo wajena. "Wanzami, an ce kai ka riƙe bargo."

"Ni ne, Sa'adatu. Ki yafe mini."

"Askarka tana da kaifi. Gyara mini bakin wannan."

Na zauna a nan ƙasa na goge gefen sakainar, na daidaita ta, ta zama mara ta kwasar tuwo. Ta karɓa ta shige gida.

Washegari Sabo ya je ya roƙi sabon zuwan nan sandarsa da garewaninsa, ya koma bazan. Sarautar Sarkin Ruwa ta faɗi, unguwa ta naɗa shi Sabo Girshi, kuma da sunan aka san shi har ya tsufa. Sa'adatu ba ta yi yaji ba, ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da marar nan take kwasa masa tuwo kullum, safe da yamma. Halin mutum kuwa ba ya fita duka. Wata rana in baƙo ya zo, tuwo ya yi daɗi, nakan ji ta cikin katanga ya gyara murya ya ce, "Ai mu mutanen Yawuri..." Sai in ji ƙwas, ƙwas, an ƙwanƙwasa mara a bakin tukunya.

"Mutanen Yawuri me?" in ji baƙon.

"Muna son tuwo da zafinsa," in ji Sabo. "Ci, kada ya huce."